Kujerar da Aka Ajiye wa Uwar Amarya

Ina tsame ƙosai daga kasko mai hoton ta iso gidanmu. Safiyar Asabar ce, saura wata biyu bikin 'yata ta fari. Ta sauko daga ɗan keken nan mai ƙafa uku da jaka goye a baya, yarinya siririya, ba za ta girmi 'yar tawa ba. Ta rusuna ta gaishe ni, ta ce daga unguwar Buokrom ta nan Kumasi aka turo ta, daga gidan su ango. Na kalle ta sama da ƙasa. Ni a sanina mai hoto namiji ne, da kyamara a wuya da gumi a hammata. Na ce ta shiga, waɗanda take nema suna tsakar gida, ni ba ruwana da zancen biki.

Ƙarya nake yi. Teburin kokona a bakin zaure yake shekara ashirin da wani abu, kuma ba a taɓa yin tari a tsakar gidan nan ban ji ba. Ranar sau biyu ƙosai yana ƙone mini. Wani mai saye ya ce, "Hajiya, yau lafiya kuwa?" Na ce ya karɓi kokonsa ya ba ni wuri.

Mutum uku ne suka zauna da ita: maigidana, da yayarsa wadda duk gidan muke kira Gwaggo, da ita amaryar. Fakej suke kiran abin. Takarda ce mai sheƙi an raba ta gida uku, ƙarami da matsakaici da babba, ango kuma ya riga ya zaɓi babban tun daga can Italiya inda yake aiki. Ta shiga karanto musu abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, da Hausarta da ta sha Tonanci, don uwarta 'yar Asante ce. Masu hoto biyu za su zo. Namijin ya tsaya masallaci da rumfar maza, ita kuma ta shiga cikin gida, domin ta san gidajen unguwarmu ta Zango, ba a tura ƙato tsakiyar mata ranar lalle. Akwai bidiyo na kwana ukun duka. Akwai ɗan jirgi da zai tashi ya ɗauko taron daga sama. Akwai albam mai shafuka masu kauri, ko miya ta zuba a kai sai dai a goge. Akwai manyan firam biyu, ɗaya na ɗakin amarya, ɗaya na iyayenta. Sauran hotunan kuma, ko sun kai dubu, za a zuba su a cikin wani ɗan ƙarfe da bai kai ɗan yatsa ba. Na tsaya da matsami a hannu ina cewa a raina, ikon Allah, hoto dubu a cikin ɗan yatsa!

"Sai kuma zama ɗaya a situdiyo kafin aure," in ji ta.

Maigida ya yi gyaran murya. "Kafin aure? Wa da wa?"

"Amarya da ango, Baba."

"Ba a ɗaura ba, su je su jingina da juna a gaban fitila? Ba da 'yata ba."

Na ɗauka za ta tsaya gardama irin ta yaran yanzu. Ko kaɗan. Ta ciro biro ta ja layi, ta ce to an mayar da shi bayan biki, duk ranar da suka ga dama kafin su tashi. Na ce a raina, wannan 'yar ta san inda ta shigo.

Ni a nawa bikin hoto uku aka yi, su ma sai bayan sati guda. Muka taka har Ashanti New Town, wani dattijo ya tsayar da mu a gaban ƙyalle mai zanen jirgin sama da firiji cike da kwalabe, ya ce kada mu motsa. Muka ƙame kamar an kama mu da laifi. Ɗaya ya ɓata a wajen ƙaura, ɗaya ruwa ya ci fuskar maigida. Abin da na sani game da hoton biki ke nan.

Sai ta ciro takarda ta biyu. Wannan jerin hotunan da ba a tashi daga biki sai an ɗauka ne, don kada daga baya a ce ta manta wani. Amarya ita kaɗai. Hannayen lalle. Amarya da ƙawaye. Amarya da ƙannenta. Amarya da gwaggonni. Ina jin ta tana karantawa hankali kwance har ta kai inda ta ce, "Amarya da mahaifiyarta."

Gwaggo ce ta fara dariya, ta ce, "Soke wannan, 'yar nan, ni za ki ɗauka a wurin." Sai na ji muryar amaryar, ƙasa-ƙasa, ita da ba ta magana in babanta yana zaune. Ta ce, "A bar shi."

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce, me ya yi zafi? Kakanninmu fataucin goro ne ya kawo su Kumasi daga arewa. Sun yar da abubuwa da yawa a hanya, amma kunyar ɗan fari da ita suka iso. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an yabe shi sai ta sunkuyar da kai ko ta kawo wani zancen. Ni shekara ashirin da shida ban taɓa furta sunan yarinyar nan ba. "Ke" nake ce mata. In ina nemanta sai in ce wa ƙannenta, "Ina yayarku?" Da aka yaye ta Gwaggo ce ta ɗauke ta, sai da ta isa shiga makaranta ta dawo hannuna. Ranar bikin irin wannan 'yar kuwa, uwa ba ta ɗaura anko, ba ta zama a gaba, ba ta rawa. Ko ta shige ƙuryar ɗaki, ko ta bar gidan baki ɗaya. Haka na ga uwata ta yi wa yayata, kuma in faɗa muku gaskiya ina taƙama da abin. Mata da yawa a Zango sun saki, kana ji uwa tana ƙwala wa 'yar fari kira daga wannan lungu zuwa wancan. Ni ban saki ba. Har misali ake ba da ni a gidajen suna.

Kada wani ya ce ba na son ta. Wallahi a cikin 'ya'yana shida babu wadda take tsaya mini a rai kamarta. Lokacin da take wajen Gwaggo nakan ƙirƙiri aron rariya, alhali ina da biyu a rataye, don kawai in je in ga wucewarta. In dawo ko kanta ban shafa ba.

Ga shi yanzu za ta tafi. Takardunta sun fito, sati biyu bayan biki ango zai wuce da ita Italiya, kuma duk wanda ya zauna a Zango ya san yadda tafiyar can take. Wata shekara biyar ba a gan ta ba, wata goma, wata sai dai a kira ta a waya a ce ta yi haƙuri, an riga an kai tsohuwa.

Bayan kwana biyu Gwaggo ta same ni ina tace gero. Ta ja kujera ta zauna, ta ce amarya ce ta aiko ta. "Ta ce ba ta neman komai a wurinki, ba atamfa ba, ba tukwane ba. Hoto ɗaya take so, ke da ita, ta tafi da shi."

Raina ya tashi. Na ce, "Hoto? In zauna in dafa ta a gaban matan Zango suna kallo, kafin magariba an tura a waya har Accra? So take a ce na tsufa na zubar da kunyata a ƙasa? Haba, Gwaggo! Ke kika goya ta, ke ce uwarta, ki zauna a ɗauke ku."

"Ni dai na isar," in ji Gwaggo, ta tashi ta kakkaɓe zaninta.

Ranar lalle ina ɗakina, na saki labule, amma na bar ɗan wuri a gefe daidai ido ɗaya. To, a nan na ga aiki. Mai hoton nan ta shigo tun mata ba su taru ba, ta tsaya tana kallon sama, tana kallon bango, kamar mai neman inda rufi yake yoyo. Ta sa aka janye tabarmar amarya daga rana zuwa ƙarƙashin kwano, taku uku kawai. Ta kafa wasu farare masu kama da laima a kan sanduna, fitila a cikinsu. Ta cire takalmi. Daga nan ban ƙara jin muryarta ba. Ba "ku tsaya", ba "ku yi dariya", ba "ke matsa". Sai dai in gan ta a tsugune bayan turmi, an jima ta kwanta rub da ciki a kan simintinmu mai tsaga tana ɗaukar ƙafar amarya, an jima tana kan durom ɗin ruwa. Da haske ya gaza ta wani gefen, ta leƙa madafa ta ɗauko murfin babbar tukunyar kokona, ta goge shi da gefen mayafinta, ta ba wata ƙawar amarya ta riƙe a karkace. Wallahi da idona na ga rana ta bugi murfin nan ta dawo ta sauka a kuncin yarinyar. Murfin da nake wankewa kullum da asuba! Na so in fito in ce wa ya ba ta izini, amma mamaki ya riƙe ni a bayan labule.

Ranar Lahadi aka ɗaura aure. Tun da sassafe na tattara na koma gidan maƙwabciyata, na zauna a ɗakinta ina jan carbi, ina jin ganga ta bango. Can da hantsi sai ga mai hoton tana sallama. Ashe gida-gida take bi a layinmu tana gaya wa mata su rufe jiki, masu wanka su ɗan dakata, za a tayar da jirgi kuma yana ganin tsakar gida. Wannan ma ya burge ni, don ba wanda ya sa ta. Ta gan ni, ta ce, "Mma, zo ki ga wani abu. A zaure ne, ba wanda zai gan ki."

Na ce ba na so. Na kuma tashi na bi ta.

Abokin aikinta yana tsaye a bakin ƙofa da wani abu a hannu mai ɗan allo. A ƙasa ga jirgin, bai fi faifai ba. Ya yi wani irin kuka kamar an taɓo gidan zuma, ya miƙe sama, awaki suka watse. Ta karkato mini allon da ke hannunsa. Subhanallahi! Na ga kwanon gidanmu, da dutsen da maigida ya ɗora don iska, da takalmin da wani yaro ya jefa sama tun bara muka yi ta nema. Jirgin ya ƙara sama, sai ga layin gaba ɗaya. Ya ƙara, sai ga Zango duka a shimfiɗe, rufi ja da tsatsa a manne da juna, lunguna sirara suna ratsawa, hasumiyoyi a tsaye nan da can, hayaƙin girki yana tashi daga gida ɗaya, namu. Daidai lokacin aka shafa fatiha, maza suka fara fitowa daga masallaci da fararen riguna, suna cika lungu suna malala zuwa rumfa. Shekara hamsin da biyu ina taka ƙasar nan, ban taɓa sanin haka take ba. Na ga teburin kokona a bakin zaure, ɗan mitsitsi, an kifa masa roba. Duk rayuwata a wurin nan take, kuma da ɗan yatsa ɗaya sai in rufe shi. Jikina ya yi sanyi, na yi ta salati. Na ce a sauko da shi kan tsakar gidanmu kaɗan. Ba su tambaye ni dalili ba. Mata ne fal da anko kala ɗaya, ban gane 'yar tawa a cikinsu ba.

Bayan la'asar mai hoton ta dawo, ita kaɗai, kyamara biyu a kafaɗa, gumi ya jiƙa mayafinta. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Mma, an zo kan hotonki da amarya. An ajiye kujera."

Na ce, "Wace kujera?"

"Me pa wo cew, don Allah, Mma, minti ɗaya. Ba sai kin kalli kyamara ba. Zan sa a fitar da mutane."

Maƙwabciyata tana zaune, da wasu tsofaffi biyu da suka zo taya ni zama, duk sun zuba mini ido suna jira su ji. Na gyara zama. Na ce, "'Yar nan, kin ci abinci kuwa? Je ki a zuba miki, tun safe kike tsaye." Tsofaffin suka gyaɗa kai, ɗaya ta ce, "Ka ji masu kunya." Mai hoton ta ɗan jima a durƙushe tana kallona, sannan ta tashi ta fita. Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye ba. Amma shinkafar da aka kawo mini daga gidan bikin ko cokali ɗaya ban iya ci ba.

Dab da magariba na koma gida don sallama. Aka kawo amarya ɗakin babanta a lulluɓe, ta durƙusa, ya yi mata nasiha mai tsawo. Da aka zo kaina na ce, "Ki yi haƙuri, ki riƙe salla, Allah Ya yi albarka." Na riga na ce kada kyamara ta shigo, ba ta kuwa shigo ba. Aka fita da ita ina kallon tabarma.

Kwana tara bayan nan mai hoton ta zo da kwamfuta, ta ce mu zaɓi wanda za a sa a firam ɗinmu. Maigida ya ce ya bar wa mata. Muka kifa turmi a inuwa ta ɗora a kai, ni da Gwaggo muka zauna a tabarma. A nan na ga bikin 'yata.

Kai, jama'a! Ban san ta ina zan fara ba. Bangon madafarmu da hayaƙi ya baƙanta, wanda na yi ta yi wa maigida mitar ya shafe kafin biki, a hoton ya fito kamar da gangan aka yi shi don amarya ta tsaya a gaba. Tururin tukwane ya fito, har kana jin kamar ƙanshin zai biyo. Ga hannun mai lalle, tsohon hannu mai jijiyoyi, riƙe da na yarinyar, kowane zane a fili. Ga wata mata da muka shekara uku ba ma ga-maciji, an kama ta tana dariya da kai a baya, na ce, "Ashe wannan tana da kyau?" Gwaggo ta yi dariya har da tari. Sai ga ita Gwaggon a bayan ƙofa tana share hawaye da haɓar zani, ta ce ƙarya ne, hayaƙi ne ya shiga idonta. Ga maigida a masallaci, kowa ya ɗaga hannu, shi ya runtse ido ya cije leɓe. Shekara talatin muna tare ban taɓa ganin wannan fuskar ba. Na juya na kalli yarinyar nan mai hoto, tana zaune tana ɓare gyaɗa abinta. Na ce, "Ke, wa ya koya miki ganin mutane haka?" Ta ce, "Jira ne kawai, Mma. In ka jira, kowa yana mantawa da kai."

Sai fuskar amarya ta cika allon, ita kaɗai. Na saba in ta kalle ni in kau da kai, amma wannan hoto ne, ba inda zai kai ƙarata. Na ce ta tsaya a nan. Na kalle ta, na ƙara kallo. Ban taɓa duban fuskar yarinyar nan na tsawon haka ba tun tana cikin zanin goyo. Ashe kunnen uwata ne da ita, ƙarami mai lanƙwasa. Ashe idonta na hagu ya ɗan fi na dama lumshewa. A saman girarta akwai wani ɗan tabo da kwalliya ba ta rufe ba. Na ce, "Wannan fa?" Gwaggo ta ce, "Ai faɗuwa ta yi a kan murhu a gidana, tana shekara huɗu. Ba ki sani ba?" Ban sani ba.

Muka ci gaba. Ƙawaye, ƙanne, gwaggonni. Can sai na ga hannun mai hoton ya ƙara sauri, tana danna abin tas-tas-tas, hotuna suna wucewa kamar an kore su. Ni kuwa mai sayar da koko ce, na san hannun da yake ɓoye abu. Na ce, "Koma baya."

"Ba komai a nan, Mma."

"Na ce ki koma."

Ta koma. Yarinyar ce a tsaye cikin farin leshi, a gefenta kujerar roba an lulluɓe ta da sabuwar atamfa, ba kowa a kai. A na farko tana murmushi, ta ɗora hannu a kan kujerar, ta gyara tsayuwa. A na biyu tana kallon zaure. A na uku wata ƙawa tana goge mata gumi, ita idonta na nan a zaure. A na huɗu murmushin yana nan amma na dole ne, na san shi, irinsa nake yi wa mai saye in ƙafata tana ciwo. Inuwar bango tana ƙasan ƙafarta a hoton farko. A na ƙarshe ta hau har ƙirjinta. A nan ba ta kallon zaure kuma, ƙasa take kallo, hannunta biyu a kan kujerar.

Gwaggo ta ce a hankali, "Na je zan zauna, ta riƙe kujerar. Ta ce a ƙara jira."

Na rasa wanda zan huce a kansa, sai na faɗa wa mai hoton. Na ce, "Ke kuma don me kika ɗauki wannan? Abin ɗauka ne?" Ta ce, "Aikina ne, Mma. Amma ba na sawa a albam sai an ce in sa." Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ba irin wadda ake yabona da ita ba. Ina can ina karɓar yabon tsofaffi, 'yata tana tsaye a rana tana gadin kujera.

Da ta fara naɗe wayoyinta na ce, ina kallon wani wurin, "Wannan zaman na situdiyo da aka ɗaga, an yi?"

"Jibi ne, ƙarfe goma. A Sofoline, saman shagon masu taya." Ba ta ƙara ko kalma ba, Allah Ya yi mata albarka. Na lissafa, kwana uku bayan nan za su tashi.

Ranar zaman situdiyon ban dama koko ba. Masu saye suka yi ta buga zaure, na ce a gaya musu ba na nan. Na buɗe akwati na ciro ankon bikin, wanda Gwaggo ta ɗinka mini don fitar da hakki tana sane ba zan sa ba. Na ɗaura. Maigida ya gan ni, ya buɗe baki, na ce, "Kada ka ce komai." Ya rufe.

Na shiga torotoro, motar hayarmu ta cikin gari. Sau biyu ina cewa yaron mota ya sauke ni, in ya buga ƙofa in ce a'a, mu je. Na biyun ya ce, "Maame, yau dai ki yanke shawara." A Sofoline na sauka cikin masu tallan burodi da masu gasa ayaba, na tsallaka titi, na ga shagon taya, na ga matakala a gefe. Na hau ina hutawa, ba don gwiwa kaɗai ba.

Ɗakin sanyi ƙalau. Bangon fari ne fat, kuma ba shi da kusurwa, ya lanƙwaso ya zama ƙasa, mutum yana tsaye a kai kamar ba a kan komai yake ba. Fitilu manya a kan sanduna. Ango ne ya fara ganina. Ya zaro ido, ya zube ya gaishe ni ba tare da sauti ba, ya sulale ya fita, yaron kirki. Yarinyar tana tsakiyar farin nan, ta ba ƙofa baya, an baza mata dogon mayafi a ƙasa za a ɗauke ta ta baya. Wata mai kwalliya tana gefe da burushi a hannu.

Mai hoton ta gan ni. Ba ta yi murna ba, ba ta yi mamaki ba, ta dai matso kusa da kunnena, kyamara a ɗage. Ta ce, "Mma, kira ta ta juyo."

Na buɗe baki zan ce "ke". Shi ne a kan harshena, shi na sani. Sai na ga mata uku ne a ɗakin, kowacce "ke" ce, kuma ban hau matakalar nan don in ce "ke" ba. Sunan nan ni na fara jin sa ranar da aka raɗa shi, ina ɗaki ina jego aka shigo aka gaya mini, na sunkuyar da kai kamar ban ji ba. Kullum ina faɗarsa a sujada, amma a zuci. Ban san yadda zai fito a fili ba.

Na kira sunanta. Ya fito a shaƙe, amma ya fito.

"Na'am," ta ce. Ta juya hagu ta kalli mai kwalliya. Mai kwalliya ta girgiza kai. Ta juya dama ta kalli ƙofar ɗakin canza kaya. Ta ce, "Wa ke kirana?"

Muryata ce ta tashe ta salla shekara da shekaru, muryata ce ta aike ta niƙa, ta yi mata faɗa, ta ce ta rufe tukunya. Amma da ta ji ta ɗauke da sunanta, 'yata ba ta gane ta ba. Na dafa bango.

Na sake kira, da ƙarfi wannan karon, yadda ake kiran yaro daga lungu.

Ta juyo gaba ɗaya, mayafin ya naɗe mata ƙafa. Ta tsaya tana kallona, ni da ankona, bakinta a buɗe. Ina jin kyamara tana ƙara a gefena, ban damu ba. Sai ta sulale ta zauna daɓas a ƙasa cikin leshinta, ta fashe da kuka irin na yara, har da shessheƙa.

Na ce, "Tashi mana, za ki ɓata kwalliyar mutane."

Ba ta tashi ba. Ta ɗago, baƙin kwalli yana gangarowa a kumatunta. Ta ce, "Mma, ƙara faɗa."

Na cire takalmina, na taka farin nan na je inda take, na zauna a ƙasa kusa da ita. Na ƙara faɗa.